Jar Motar da Yayan Matata Ya Ba Ni

Yayan matata ya cuce ni. Ya karɓe a-kori-kurar da nake ciyar da gidana da ita, ya ba ni ruɓaɓɓiyar motar Italiya yana sane da ruɓewarta. Kuma ya yi hakan ne don ya san ba zan iya durƙusawa a gabansa in leƙa ƙarƙashinta ba. Da ɓarawo ne ya tare ni a daji ya ƙwace motar, da tuni na manta.

Karatuna bai yi nisa ba. Ina tsakiyar elemantare mahaifina ya rasu, na ajiye allo da fensir na shiga tasha. Na yi karen mota, na yi direban wani, na ci zagi na kwana a kan buhu, har Allah ya sa na mallaki tawa. Fijo ce a-kori-kura, fara, tsohuwa, ƙofar hagu da igiya nake ɗaure ta. Amma duk ranar kasuwa tana kan hanya. Damari, Kakangi, Saminaka, babu ƙauyen da bai san ƙararta ba. Dawa, masara, doya, akuya, mara lafiya, duk ta ɗauka. Da ita na yi aure, da ita na yi wa ɗakuna rufin kwano.

Shi kuwa yayan matar tawa ya yi karatu. Babban akawu ne a wani ofis a Kaduna, da biro a aljihun gaba da agogon hannu. Mahaifinsu ya rasu da wuri, saboda haka shi ya ba ni aurenta, shi ne waliyyi. Tun daga ranar ya zama uba a wurina. Ba na kiran sunansa. In na hango shi daga nesa zan cire takalmi, in durƙusa in gaishe shi. Ba na cin abinci a gabansa, ko ruwa sai na juya baya. Haka aka koya mana, kuma ban taɓa jin nauyin yin haka ba.

A shekarun da aka bar fam da sule aka koma naira, ma'aikatan gwamnati suka samu kuɗi, kowa ya sayi abin hawa. Wata rana da kaka, bayan an gama yankan dawa, sai ga shi ya shigo garinmu, Birnin Gwari, da wata jar mota. Ban taɓa ganin irinta ba. Gajera ce, ta kwanta a ƙasa kamar kyanwa za ta kama ɓera, ƙofa huɗu, kujerun fata, sitiyarin katako mai sheƙi. In ya taka ta, ƙarar ba irin ta motocinmu ba ce, wani gurnani take yi daga ciki. Rabin tasha ya biyo shi har ƙofar gidana.

Aka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya. Limamin unguwa ya zo, kawun matata ya zo, da dattawa biyu uku. Ni ina gefe a tsugune. Yaya ya ce wani Baturen Italiya mai aikin gada ne ya sayar masa da zai koma gida. Ya ce mota ce ta gudu, ba ta son cunkoson Kaduna, tana son hanya mai tsawo irin tamu. Sannan ya juyo gare ni.

"Ƙanina," ya ce, "har yaushe ƙanwata za ta riƙa hawa bayan buhu? Na yi gona a bayan Kaduna, ina neman abin kwasar amfani. Ka ba ni wannan tsohuwar taka, ka riƙe wannan. Ka daina dakon doya. Alhazai, 'yan kasuwa, masu kai amarya, shata za su riƙa ɗaukar ka. Shata ɗaya ta fi maka wunin kasuwa."

Dattawa suka ce, "Madalla. Wannan shi ne zumunci."

To, ni ɗan tasha ne, na san yadda ake sayen mota. Ana zuwa da dillali da bakanike. Ana hawa da ita kan rami a shiga ƙarƙashi da guduma ana ƙwanƙwasawa. Ana zare sandar baƙin mai a murza a yatsa, a buɗe murfin lagireto a duba ruwan, a tsaya a bayanta a ga kalar hayaƙi. Na yi wa mutane wannan ba sau ɗaya ba. Amma wannan da baƙo ake yi. Ka kwanta a ƙasa ka leƙa kayan wanda ya ba ka mata, a gaban liman, ai ka ce masa maƙaryaci ke nan da bakinka.

Duk da haka hannuna ya kai kan bonet, don hannun direba ba ya jin magana. Yana ganin haka sai ya yi dariya ya ɗaga murya.

"Buɗe mana, ƙanina! Duba da kyau. Kwanta ma ka leƙa ƙasa, kada in cuce ka."

Tabarma ta kwashe da dariya. Kawun matata ya ce, "Kai, 'yan tasha ba su yarda da kowa ba." Na janye hannuna kamar na taɓa garwashi. Na ce, "Haba Yaya, wane ni." Liman ya ɗaga hannu aka shafa fatiha, aka sa albarka. Yaya ya miƙo mini makullinsa, na miƙa masa nawa da hannu biyu. Da la'asar wani direba da ya zo da shi ya ja a-kori-kurata suka tafi. Igiyar ƙofar ma ban kwance ba.

Ba zan yi ƙarya ba, tana gudu. Ranar farko da na hau kwalta da ita na nufi Kaduna, itatuwa suka koma kamar zane ɗaya. A kwana ba ta tangaɗi, tana manne da hanya. Matata tana gaba, ta riƙe mayafi da haƙori tana salati tana dariya. Wannan ranar kaɗai na ci moriyarta.

Abu na farko, ba ta son safiya. Fijona in na murza sau ɗaya ta tashi. Wannan sai an lallashe ta, a taka a saki, a taka a saki, ta yi tari ta mutu. Na kai ta wurin bakanikenmu na tasha, mutumin da ya tsufa a cikin manyan motoci da Fijo. Ya buɗe ya tsaya yana kallo, hannu a ƙugu.

"Kafireto biyu gare ta," ya ce. "Ni mai ɗaya na sani. Wannan wa zan fara gaisarwa?"

In ya daidaita ɗaya, ɗayan ya yi fushi. In ya koma kan na biyun, na farkon ya fara aman fetur. Muka wuni. Da yamma tana tafiya, amma tana harbi ta salansa kamar bindigar mafarauta, awaki na watsewa.

Fetur ɗin ma ba kowanne take sha ba. Sufa take so, mu kuwa abin da ke cikin duro shi muke zubawa. Filoginta ya mutu, na zaga garin nan babu irinsa. Na aika Kaduna, Kaduna suka ce sai Legas. Na jira har na gaji, da ya iso kuma ba shi ba ne. Fanbel ya tsinke, muka yanka na wata motar muka haɗa. Wayoyinta kuwa, in ka kunna fitila hon ya yi ƙara, in ruwa ya sauka komai ya ɗauke. Ga shi cikinta a ƙasa yake. Hanyoyinmu in ka bar kwalta gargada ce da duwatsu da kwazazzabo. Duk dutsen da Fijona ke tsallakewa ba ta sani ba, wannan sai ta gaishe shi da ciki, ni kuma in ji abin har cikin haƙorina.

Sai shan ruwa. Kullum da jarka a but. In cika lagireto da safe, kafin azahar ya yi ƙasa, kuma ba ka ganin inda yake zuba. Wata rana na zare sandar baƙin mai na ga ya koma fari-fari kamar kunun gyaɗa. Na san abin da wannan ke nufi, ruwa na shiga inda bai kamata ba. Na ce wa kaina wataƙila shi ma Baturen ne ya cuce shi, bai sani ba.

Shatar da aka yi mini alkawari ta zo, amma ba ta daɗe ba. Wanda ka tsayar a hanya sau ɗaya yana tura mota da babbar riga ba ya sake neman ka, kuma sai ya gaya wa goma. A tasha suka sa mini suna Baturen Italiya. In na shigo da safe sai wani ya miƙe ya sara mini.

"Ranka ya daɗe, yau Madam ta tashi, ko a kai mata shayi?"

Ina dariya tare da su, don in ka nuna ya yi maka zafi sun samu abin yi ke nan.

Abin da ya hana ni dariya shi ne ranar da na ga a-kori-kurata a layin Damari ana yi mata lodi. Ba wata gona da ta je. Wata biyu ba a yi ba Yaya ya dawo da ita, da wannan direban nasa, a kan hanyata, ranar kasuwata. An yi mata sabon fenti, an gyara ƙofar. Mutanena da na yi shekara da shekaru ina ɗauka suna jefa buhunansu a ciki suna kawar da kai. Akwai wata 'yar Gbagyi mai sayar da doya, Kirista ce, tun ina karen mota take hawa motar da nake. Ita kaɗai ta zo ta same ni.

"Direba, kada ka ji haushi," ta ce. "Doya ba ta san kujerar fata ba. Me ya kai ka?"

Na ce, "Zumunci, Mama."

Ta kalli jar motar ta kalle ni, ta koma wurin doyarta.

Na gaya wa matata. Ta ce wataƙila gonar ce ba ta yi ba, Yaya ba zai bar mota a zaune ba. A lokacin hatsin rumbu muke ci, ba mai shigowa.

Da ruwa ya sauka, wani alhaji mai sayen hatsi ya ɗauke ni shata zuwa Kakangi. Baƙo ne daga Funtua, bai ji labarina ba. Muka shiga daji da hantsi. Hanyar ta jiƙe, doka da maɗaci sun rufe sama, ƙudan tsando na bin gilashi. A wani rafi da ake tsallakawa ta kan duwatsu na shiga a hankali, giya ɗaya, ina addu'a. Sai na ji ƙara daga baya kamar an fasa ƙwarya, alhajin ya yi ihu. Na waiga na ga ƙafarsa ɗaya ta nutse har gwiwa. Ƙasan motar ya ɓurme, takalminsa na cikin ruwa.

Muka tura ta zuwa gaɓa, injin na tafasa yana huci. A nan, cikin taɓo, na yi abin da ban yi a gindin darbejiya ba. Na kwanta na leƙa.

Babu ƙarfe. Tsatsa ce ta cinye ta tun daga baya har ƙarƙashin kujerar direba. An cusa takardun buhun siminti a ramukan, an liƙa gwangwanin madara da aka buɗe aka miƙar, an shafe komai da kwalta baƙi ƙirin. Na sa yatsa na danna, yatsan ya shige. Kwaltar sabuwa ce. Ba aikin Bature ba ne wannan, aikin gida ne.

Wani Bafulatani da ke kiwo a wurin ya zo ya jingina da sandarsa yana kallon mu. Ya ce, "Wannan taku da ciki take tafiya kamar guza. Ba ku da mai ƙafa?" Alhajin bai yi dariya ba, yana matse wandonsa yana faɗa mini maganganun da ba zan rubuta ba.

Muna nan har rana ta karkata, sai na ji ƙarar mota daga nesa. Tun kafin ta ɓullo na san ta. Na san yadda take shaƙewa in ta hau tudu, na san inda take neman a sauya mata giya. Direban bai sauya ba, ya bar ta tana kuka. A-kori-kurata ce, ta dawo daga kasuwa cike da kaya. Alhajin ya ɗauki jakarsa ya shige gabanta. Direban ya jefo mini igiya. Haka muka shigo gari, tawa tana jan tasa, ina riƙe da sitiyarin katako, direban yana ƙona wa tawa kuloci ina ji.

Bakanikenmu ya sauke kan injin ya nuna mini tsagewa, da wata tsohuwar walda a jikinta da ta sake buɗewa. Ya ce ƙarfen ba irin namu ba ne, farin ƙarfe ne mara nauyi, waldarsa ba ta kama shi. Na sa kan injin a buhu na hau motar haya zuwa Kaduna. Aka kwatanta mini wani gareji da ke gyaran motocin Turawa. Na zazzage buhun a gaban maigidan wurin, sai ya yi tsaki.

"Wannan ai waldata ce," ya ce. "Jar motar nan? Ba ta mutu ba har yanzu?"

Na ce ta mutu.

"Na gaya wa mai ita. Na ce Yallaɓai, wannan a Legas ta zauna bakin teku, gishiri ya gama da ita, kan injin kuma ya tsage, ba za ta ga ƙarshen damina ba. Ya ce in liƙe ta kawai ta kai Birnin Gwari. Yarana suka kwana biyu suna shafa kwalta. Na ce masa duk wanda zai saya ai zai leƙa ƙasa. Ya yi dariya ya ce a'a, mijin ƙanwarsa ne, yaro ne mai kunya, ba zai leƙa ba." Ya juya kan injin da ƙafa. "Kai yaron mai motar ne?"

Na ce, "Ni ne mai kunyar."

Ya ɗago ya dube ni. Ya sa aka kawo mini ruwa. Ya ce ko ya sake waldar ba za ta riƙe ba, sabo kuma sai an yi oda daga ƙasar waje. Na bar masa ƙarfen a nan na dawo da buhu wayam.

Na gaya wa matata kalma da kalma. Ta yi kuka, ta ce in yi haƙuri, shi ne ubanta. Ban ga laifinta ba. Na bi hanyar da ake bi, na je wurin kawunsu na durƙusa, na ce a roƙe shi ya maido mini da motata ya ɗauki tasa, ba na neman komai a kai. Kawun ya tafi Kaduna ya dawo yana sunkuyar da kai. Ya ce Yaya ya ce an sa albarka a gaban liman, ba a tayar da abin da aka shafa wa fatiha. Kuma ai a gaban kowa ya ce in buɗe in duba, har ya ce in kwanta in leƙa, ni na ƙi.

Da furfura a gemuna na koma direban wani. Babbar motar katako nake ja, mai ita sa'an ƙanina ne, yana kirana da sunana gatsau. Jar motar muka ɗora ta a kan duwatsu a gindin darbejiyar nan. Na sayar da tayoyin da batir. Kaji suka samu wurin ƙwai a kujerar fata.

Shekara ta zagayo matata ta haihu. Ranar suna sai ga Yaya da safe cikin sabuwar Fijo fara, da rago a but. Aka shimfiɗa tabarma a wuri ɗaya, mutanen dai su ne, liman da kawu da dattawa. Na yi niyyar in gaishe shi in wuce, don ranar ɗana ce. Bayan an raɗa suna ana rabon goro, sai ya juya ya kalli motar, ya girgiza kai.

"Ƙanina, haka ka bar ta ta lalace? Motar Turawa sai da kula. Ba a yi mata riƙon a-kori-kura."

Wani dattijo ya ce, "Gaskiya ne."

Na miƙe. Takalmina na ƙafata ban cire ba, na taka har bakin tabarmar na tsaya a kansa. Kawu ya ce, "Kai, kai, zauna." Ban zauna ba. Ban taɓa kallon ƙwayar idonsa ba sai ranar.

Na ce, "Yaya, tashi ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashinta. Kwaltar da ka sa aka shafa tana nan, da takardun siminti, da gwangwanin madara. Na je garejin. Mai waldar ya gaya mini abin da ka ce, wai mijin ƙanwarka yaro ne mai kunya, ba zai leƙa ba. Ka yi gaskiya, ban leƙa ba. Ba don ban iya ba, na fi ka sanin mota nesa ba kusa ba. Don kai ne ban leƙa ba. Na ɗauke ka uba, kai kuma ka auna girman da nake ba ka, ka ga ya isa ya rufe ramin mota. Riƙe a-kori-kurar, na bar maka, ka ce wa direbanka ya riƙa sauya mata giya a tudu. Ƙanwarka matata ce, ɗan nan ɗanka ne, ƙofar gidan nan a buɗe take gare ka. Amma daga yau ba na cire maka takalmi, ba na durƙusa maka. Kuma ko goro ka miƙo mini, sai na ɓare shi a gabanka na duba cikinsa kafin in kai baki."